Motar Auta a Makon Canjin Hannu

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Ka yi mini afuwa da zan dame ka. Na san aikinku na tashar jiragen ruwa ba ya barin mutum ya zauna karatun doguwar takarda, kuma da ina da yadda zan yi da ban ɗora maka wannan ba.

Ina fata kana lafiya, da aiki, da zaman baƙunta. Mu nan alhamdu lillahi. Inna tana cin abincinta, tana faɗanta yadda ta saba, sai dai idon nan. Yanar ta ƙaru sosai. Shekaranjiya tulun ruwa ta yi wa sannu da zuwa, ta zaci maƙwabciya ce ta tsuguna, har ta ji haushi da ba a amsa mata ba. Kawu Direba ma lafiya, gwiwar ce dai take taɓa shi.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na san ka ji gwamnati za ta canja hannun tuƙi, a bar hagu a koma dama kamar can ƙasar da kake. Garin nan ba a zancen komai sai shi. An kakkafa sababbin alamu a bakin titi an rufe su da buhuna, sai ka ce mutane ne suka yi layi suka lulluɓe kai. Rediyo kuwa tun safe har yamma waƙar tunatarwa ce, har Inna ta haddace tana rerawa ba ta sani ba.

Ana cikin haka sai asibiti suka aiko. Babban likitan ido zai zo, kuma sun sa Inna cikin waɗanda za a yi wa aiki. Ranar da suka ba mu ta faɗo a cikin makon canjin hannun, kuma da sassafe ake so mu isa. In ta wuce mu sai baɗi. Da na je, wata nas ta ja ni gefe ta ce kada mu yarda ya kai baɗi, don ɗaya idon ma ya kama hanya.

Masu tasi sun ce a wannan makon ajiye motocinsu za su yi su ga abin da Allah zai yi. Bas kuma ƙofarta a hagu take, in an koma dama a tsakiyar titi za ta riƙa sauke mutane, kuma har yanzu ba a gama yanka wa bas-bas ɗin sababbin ƙofofi ba. Ba zan sauke Inna a tsakiyar titi ba, Auta, ita da ba ta ganin gabanta.

Na kai wa Kawu maganar. Ya daɗe yana kallon hannayensa, sannan ya ce, "'Yar nan, hannun nan a hagu ya tsufa. In na ga mota ta taho, kafin kaina ya tuna da gwamnati, hannuna ya riga ya koma gida. Ba zan ɗauki yayata in kai ta ƙarƙashin babbar mota ba." Na ce to Kawu yaya za mu yi? Ya ce, "Ke zan koya wa. Kanki allo ne wankakke, ba a taɓa rubuta masa hagu ba balle a sha wahalar wankewa." Na yi dariya, na zaci tsokana ce. Ya ce ƙafar da ta tsufa a kan keken ɗinki ba za ta gagara taka kuloci ba.

Auta, motarka amana ce a hannuna. Ka ce in riƙa tayar da ita saboda batir, kada kuma ta wuce ƙofar gareji. Haka nake yi, ko motsi tayarta ba ta yi ba. A cikinta Kawu yake koya mini tana tsaye: ga birki, ga totur, ga giya, ga madubi. Inna tana zama a baya tana cewa a rage gudu. Amma fitar da ita ba zan yi ba sai na ji daga bakinka.

Shi ne nake roƙo, in babu damuwa, ka ba ni izini in koya da ita, in kai Inna asibiti. In kuma ka ga bai dace ba, ka faɗa mini kai tsaye, ba zan riƙe ka ba. Don Allah ka amsa da wuri.

Yayarka.

*

Yaya Babba,

Salamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ki, da Inna, da Kawu sarkin hanya. Ni lafiya ƙalau. An mayar da ni kan babban injin ɗaga kaya, ina can sama kamar shirwa, mutane a ƙasa kamar tururuwa. Kada ki gaya wa Inna tsawonsa.

Zancen canjin hannunku ya iso mana, abokan aiki sai tsokanata suke yi, wai sai yanzu ƙasarmu ta gane damanta. Su yi ta yi. Amma Yaya, abin ba wasa ba ne. Makona na farko a nan na zo tsallake titi, na duba inda na saba dubawa, babu kowa, na sa ƙafa. Sai ga mai keke ta ɗaya ɓangaren. Ban san lokacin da na tsinci kaina zaune cikin kwandon lemun wata mata ba. Zagin da na sha ban ji rabinsa ba, don ban iya yaren ba tukuna, amma na gane ba addu'a take yi mini ba. Ni ke nan da ƙafa. Ina ga mai mota?

Don haka bari in yi maganin zancen motar nan gaba ɗaya. Kada ta fita. Ko wane ne ya roƙa, ko da wane dalili, a bar ta cikin tamfol ɗinta sai ƙura ta lafa na zo da kaina. Na san Kawu da daɗin baki, zai ce gwaji ne kawai, daga nan zuwa can. Ke kuma na san ki da taushin zuciya, kada ki bari ya shawo kanki. Ki tsaya kan keken ɗinkinki, Yaya, shi ne motar da ba ta taɓa karo da kowa ba.

Ki ce wa Inna ta riƙa ɗiga maganin idon nan kada ta yi wasa, in na zo hutu sai mu zauna mu ga abin da za a yi. Ki ce mata autanta yana cin abinci, bai rame ba.

Naki,
Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Takardarka ta iso, na karanta wa Inna, amma na tsallake zancen tsawon injin kamar yadda ka ce. Mun yi murna da ci gaban aiki, Allah ya tsare. Mu ma lafiya.

Na ji amsarka a kan mota, kuma na karɓa. Kayanka ne, ba sai ka ba da dalili ba. Na mayar mata da tamfol, na ɗaure, ko zaman da muke yi a ciki na daina. Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini a rai, zan faɗa don kada ya kwana a ciki: ka ce a jira ka zo hutu, alhali na gaya maka abin da nas ta ce. Wataƙila gajiyar aiki ce ta sa idonka ya tsallake wurin. Zancen keken ɗinki kuma na san wasa kake yi. Na yi dariya kaɗan.

Inna da ta ji, cewa ta yi, "Ɗauki motar, ni na haife shi." Na ce Inna, ni aka ba amanar. Ta ce malamin da ya koya mini karatu ya cika aiki da yawa. Kawu kuwa ya fi kowa jin zafi, wai shi ne mai daɗin baki. Ya sa hularsa ya fita ko sallama babu, sai ga shi da la'asar da motar Mai Burodi na bayan layinmu, wannan farar mai kujera ɗaya doguwa a gaba. Ashe abokinsa ne tun suna samari. Ya ce mu riƙa ɗauka da yamma in an gama rabo.

A filin ƙwallon makaranta muke yi. Kawu ya jera gwangwanaye ya ce su ne mutane. Ranar farko na taka mutum uku, na yi ta istigfari, ya ce in kwantar da hankalina, duk marasa lafiya ne dama. Yanzu kam alhamdu lillahi, ina tashi ba ta mutu ba, ina juyawa, ina ja da baya. Na je ofis na karɓi takardar koyo, don ba zan hau titin gwamnati ba bisa ƙa'ida ba. Sharaɗinta sai da mai lasin a gefena, ga Kawu.

Yau aka yi canjin, kuma da ka gani da ka yi dariya har ka zauna. Tun da safe gari ya fito bakin titi kamar za a kalli wasa. Aka busa jiniya, kowace mota ta tsaya cik inda take. 'Yan sanda da ɗalibai suka bi suna cire buhunan nan daga kan alamu. Aka sake busawa, sai motoci suka fara rarrafawa suna tsallakawa ɗaya gefen, a hankali, direbobi sun leƙo da kai suna yi wa juna sannu. Da suka daidaita sai mutane suka ɗau tafi, wata tsohuwa kusa da ni har da hawaye, na tambaye ta lafiya, ta ce ita ma ba ta sani ba. Jakin mai yashi ne kaɗai ya ƙi. Ya kafe a hagu, ɗan sanda yana yi masa bayani, mai shi yana ja, shi ko a jikinsa. Kawu ya cire hula ya ce, "Ga ɗan'uwana nan, mu biyu muka rage." Inna ta riƙe hannuna tana ta tambaya, me aka yi, me ake wa dariya? Ina ba ta labari, amma raina ya sosu. Kowa ya gani ban da ita.

Ga inda muke. Ranar aikin ta matso, cikin makon nan ne. Hannuna ya ɗan faɗa, amma motar burodi da safe take aikinta, daidai lokacin da ake son mu a asibiti, kuma ba zan iya buɗe baki in ce bawan Allah ya bar sana'arsa saboda mu ba, bayan alherin da ya yi. Masu tasi sun cika alkawari, ko ɗaya babu a tasha. Ban san yadda za a yi ba tukuna, amma Allah yana nan. Ban rubuto don in sake roƙo ba, na rubuto ne don ka san halin da ake ciki, ka sa mu a addu'a.

Yayarka.

*

Yaya! Yaya Babba!

Salamu alaikum, lafiya lau nake, sauran gaisuwar ki riƙe sai wani jiƙon. Yau ɗin nan aka miƙo mini takardunki guda biyu a haɗe, ta farko da ta biyu. Mutumin gidan waya ya ce motocin wasiƙa na ɓangarenku an tsare su ana gyara musu fitilu saboda canjin, duk abin da aka aiko ya taru sai yanzu aka sake shi. Wallahi lokacin da na rubuta miki ban ga taki ba. Ban san da aikin ido ba, ban san da nas ba, ban san ke ce mai tuƙin ba. Kawu nake gudu, kada ya ɗauke ta ya je nuna wa gwamnati iyakarta.

Na karanta ta biyun a tsaye, na karanta a zaune, kunya ta hana ni cin abinci. Yaya, kin zaci zan zaɓi ƙarfe a kan idon Inna? Kuma kika yi shiru kika ce kin karɓa? Da zagina kika yi da ya fi mini sauƙi. Wata yayar da tuni ta fasa gareji, amma ke sai ki tsaya jiran takarda.

Ki kwance tamfol ɗin nan. Na ba ki izini, na ƙara ba ki, ki kai Inna asibiti ki dawo da ita. In kin ga dama ki goga ta a bango, fenti ne. Ki tuna sitiyarinta a dama yake, yanzu ke ce a bakin kwata, ba za ki ga gaba sosai ba in za ki wuce wata mota, don haka kada ki wuce kowa, ko jakin nan ne.

Ba zan sake yarda da gidan waya ba. Wani abokin aikina zai tafi gida gobe, ta garinku zai bi, shi zai kawo miki hannu da hannu. Ki ba Kawu haƙuri, ki ce na janye daɗin baki. Zancen keken ɗinki kuma ki yafe mini, bakina ne ya fi kaina gudu. Allah ya sa ban makara ba. Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Autanku mai laifi.

*

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Ka kwantar da hankalinka ka ci abinci. An yi aiki, an dace, Inna tana gida tana gani. Alhamdu lillahi. Ni ma ka yafe mini zaton da na yi maka, da na yi tunani da na gane takardun saɓani suka yi a hanya.

Ka makara kam, amma Allah bai makara ba. Ana gobe aiki sai ga Mai Burodi da kansa ya yi sallama, fuska duk a jagule. Direbansa ya ga yadda shataletale ya koma, ya ce gwaggonsa ba ta da lafiya a ƙauye, ya tafi. Burodi na cikin tanda, babu mai rabawa. Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya ce ko Malama za ta taimaka. Kawu ya tambaye shi ina da ina ake kaiwa. Ya lissafo shaguna, a ƙarshe ya ce da kicin ɗin asibiti. Ni da Kawu muka dubi juna.

Da asuba muka fita, Kawu a tsakiya, Inna a bakin taga, burodi mai zafi a bayanmu. An hana ta cin komai saboda aikin, ga ƙamshi ya cika motar. Ta ce tun da take ba a taɓa yi mata mugunta irin wannan ba. Duk shagon da muka tsaya sai an fito kallon mai tuƙin, wani har ya manta bai ƙirga kayansa ba. Ina karanta duk addu'ar da na sani. A babban shataletale Kawu ya daka tsawa, "Hagu! Hagu!" Ban bi shi ba, na bi kibiyar da ke kan alama. Da muka fita ya toshe bakinsa da hula, ya ce daga yau in ya yi magana a shataletale in ɗauka rediyo ne. A ƙofar asibiti mai gadi ko tambaya bai yi ba, ya nuna mana hanyar kicin. Ta nan Inna ta shiga ganin babban likita, tsakanin tukwane.

Tana kwance da bandeji abokinka ya kawo takardarka. Na karanta mata, ta ce dama ta san ɗanta, mu ne masu neman magana. Ranar sallama na kwance tamfol, na wanke motarka, muka je ɗauko ta.

Auta, da ma kana nan. Ta fito da baƙin tabarau, tana ɗaga shi kaɗan kaɗan tana leƙen duniya. Ta dubi Kawu ta ce, "Kai, haka ka tsufa ba ka gaya mini ba?" Na zaunar da ita a baya, na zagaya na buɗe ƙofar direba. Sai ta ce, "Ke, ina za ki? Nan wurin mai tuƙi ne." Na ce Inna ai ni ce. Ta ce a daina wasa da ita. Ashe duk kwanakin nan ta ɗauka Kawu ne yake miƙo hannu ta gefe yana riƙe sitiyari, ni an ba ni kujerar ne don a faranta mini rai. Kawu ya ɗaga hannayensa biyu sama, haka ya riƙe su har muka fita daga asibiti, don ta shaida.

Da muka hau titi ta ga motoci, sai ta damƙe kujera tana salati, wai duk gari ya bi hannun da ba nasa ba. Na ce Inna, canjin ke nan da kike rera waƙarsa. Ta ce ji daban, gani daban. Na duba madubi na ga ba titi take kallo ba, ni take kallo. Can ta ce, a hankali, "Ashe haka kike zama a miƙe. Kamar babanku." Na ƙara riƙe sitiyari da kyau.

Yanzu ga wata 'yar damuwa, ka yi haƙuri. Tun da ta dawo ba ta son zama. Tana so a kai ta kasuwa ta ga kalar atamfofin da aka yi ta saya mata, tana so ta ga sabuwar gada, tana so ta je gidan ƙawarta ta ga ko ita ma ta tsufa. Na sake duba takardarka, abin da ka rubuta shi ne in kai ta asibiti in dawo da ita. Na kai ta, na dawo da ita, na mayar da tamfol. Inna ta ce in ban tashi motar nan ba za ta sa Kawu ya koya mata da kanta, shi kuma ya ce a shirye yake.

Shi ne nake tambaya, izinin na asibiti ne kaɗai, ko har da kasuwa da sauran wurare? Ka rubuta a fili yadda zan gane. Tana zaune a bakin ƙofa da mayafinta tun safe. Don Allah ka amsa da wuri.

Yayarka.